Taurarin Auta

Mai Fanka yana da doka guda a gidansa, kuma ko uwar da ta haife shi ba ta isa ta karya ta ba: duk abin da ke da waya, ko batir, ko ramin soka caji, ba ya shiga hannun kowa sai ya gwada shi tukuna. Sabon dutsen guga sai da ya kwana a shagonsa kafin matarsa ta samu damar taɓa shi. Tocilar Kaka kuwa kwance ta ya yi ya sake ɗaurawa, wata ƙusa ta yi saura wadda har yau ba a san daga inda ta fito ba. Gyaran fanka ne sana'arsa, ya daɗe a kai har unguwa ta manta sunansa na gaskiya, kuma a ganinsa wanda ya san cikin fanka ya san cikin komai.

Autarsa tana aji biyu na firamare. Yayyenta sun girma sun kama gabansu, ita kaɗai ta rage a gida tare da iyayenta da Kaka. Yarinya ce mai surutu kamar rediyo, amma da an buɗe mata littafi sai rediyon ya mutu. Ta san haruffa ɗaya bayan ɗaya. In aka jera su wuri guda aka ce ta haɗa, nan ne suke watse mata.

Wata rana da ya je ɗaukar ta, Malamarsu ta tare shi a ƙofar aji.

"Baban Auta, yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce, amma karatu ya tsere mata," in ji Malama. "In zangon nan ya ƙare ba ta iya karanta shafi guda da kanta ba, dole ta maimaita aji. Ƙawayenta za su wuce su bar ta."

Auta ta ji. Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta.

Malama ta miƙo masa wata kwamfutar hannu mai baƙin murfi. Ta ce makaranta ce ta raba wa kowane yaro, kuma manhajar da ke ciki tana bin ɗalibi ne daidai ƙarfinsa. In ya ci tambaya ta ƙara masa wuya, in ya faɗi ta sassauta.

"Abu ɗaya nake roƙo," ta ce. "A bar ta ta yi kuskurenta. Da kuskuren ne na'urar take gane inda yarinya ta tsaya."

Mai Fanka ya gyaɗa kai sosai, irin gyaɗawar da ake yi in ba a ji ba. Idonsa yana kan fankar ajin da ke bayan Malama, wadda take rangaji tana neman faɗowa kan wani.

A gida Kaka ce ta raɗa wa na'urar suna. Ta juya ta gaba da baya, ta ce wannan ai faranti ne, sai dai ba shi da zurfi. Daga ranar kowa ya koma cewa farantin Auta. Auta ta miƙa hannu za ta karɓa, uban ya ɗaga shi sama.

"Doka dai doka ce. Sai an gwada."

Ya shinshina ramin caji. Ya kara bayan farantin a kuncinsa ya ji ko yana zafi. Ya girgiza shi a kunne. Da bai samu laifi ba, sai ya kunna.

Wata agwagwa ce ta fito, 'yar kumbura, da jar hula a ka. Ta gaishe da Auta da sunanta, ta nuna hoton doki, ta tambaya da wane harafi sunansa ya fara. Mai Fanka ya yi tsaki, ya dangwala yatsa. Nan take agwagwa ta daka tsalle, ta tafa fukafukai, wani tauraro mai ruwan zinariya ya faɗo daga sama ya shige aljihunta.

"Madalla! Kanki na ja!" in ji agwagwa.

Mai Fanka ya waiwaya ya ga ko wani ya ji. Maganar gaskiya, abin ya shige shi. Shekara da shekaru yana aiki, babu wanda ya taɓa dawowa ya ce masa fanka tana juyawa lafiya. Ba a tuna shi sai ta tsaya. A makaranta ma, lokacin yana yaro, ba a taɓa tafa masa ba, sai ranar da ya faɗo daga kan benci. Ga shi yau da furfura a gemu an ce kansa na ja, kuma bai damu ba ko kaɗan da cewa a matsayin yarinya aka faɗa masa.

"Baba, an gama gwajin?" in ji Auta.

"Gwajin batir ba na rana ɗaya ba ne. Sai an ga yadda yake yi a cikin aiki."

Washegari faranti ya bi shi shago. Shagon ɗan ƙarami ne, fankoki rataye ta ko'ina, na tsaye da na tebur da na rufi, wasu babu fiffike, wasu babu kai. Ya ture wayoyin da ke kan teburin aiki, ya jingina farantin da gwangwanin man giris, ya ce bari ya yi tambaya biyu kafin kwastoma ya zo. Da kwastoman ya zo, sai aka ce masa ya dawo da yamma.

A cikin satin ne ya gano tsani. Wani lungu ne a manhajar inda aka zana dogon tsani, sunayen 'yan ajin su Auta suna maƙale a matakansa, kowa gwargwadon taurarinsa. Sunan Auta yana can ƙasa kusa da ciyawa. Mai Fanka ya ji kamar an zage shi a bainar jama'a. Ya gyara zama, ya naɗe hannun riga, bai ɗago ba sai da ya wuce 'ya'yan mutane rututu, har da 'yar shugaban makaranta.

Saura suna ɗaya a samansa, kuma shi ne ya ƙi wucuwa: ɗan Mai Aski, maƙwabcinsa na shago. Mai Fanka ya san yaron ciki da bai. Har yanzu takalmin dama yake sa wa ƙafar hagu, kuma kwanan baya sai da aka kai shi asibiti aka ciro masa maɓallin riga daga hanci. A ce wannan ne ya fi shi taurari? In ya hau mataki da safe, kafin azahar yaron ya hau biyu. Abin ya tsaya masa a rai.

Ran nan ya shiga wajen Mai Aski a rage masa suma. Ya lura idon mutumin ya yi ja, kuma askin ma a gurguje yake yi, yana ta leƙen wata durowa.

"Ni kam, mutumina," in ji Mai Aski, kamar maganar ba ta dame shi ba, "kai da kake sauraron rediyo, jemage ƙwai yake yi ko haihuwa?"

"Me ya kawo jemage cikin aski?"

"Wani kwastoma ne ya tambaya."

"Haihuwa yake, har shayarwa yana yi," in ji Mai Fanka, yana ɗaga haɓa, don jiya-jiya agwagwa ta yi masa wannan tambayar. "Ka riƙa neman ilimi, maƙwabci. Duniya ta ci gaba."

Kafin ya koma shagonsa ya karkaɗe gashin wuyansa, ɗan Mai Aski ya ƙara mataki. Mai Fanka ya yi nazari, daga ƙarshe ya yanke cewa lallai yaron ya laɓe a bayan labule ya saci amsar. Ya ƙudura ba zai sake yin maganar ilimi a shagon aski ba.

Ita kuwa manhaja ta yi abin da Malama ta ce za ta yi. Da ta ga ɗalibarta ba ta kuskure, sai ta ƙara wuta. Doki da kaza suka ɓace. Dogayen labarai suka shigo, da lissafi mai gutsure-gutsure, da tambayoyi kan yadda jini ke zagaya jiki. Mai Fanka ya fara gumi. Da ya maƙale a kan rabi da kwata, sai ya ɗauki faranti ya nufi ɗakin da matarsa take ɗinki.

"Maman Auta, in aka haɗa rabi da kwata, me ya rage a cika ɗaya?"

"Kwata," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi daga keken ba. Da ta ji agwagwa ta yi shewa, sai ta tsayar da ƙafa ta dube shi. "Baban Auta, wai yaushe gwajin nan zai ƙare?"

"Ana dab."

"Tun yaushe ake dab? Yarinyar aka ba, ba kai ba."

"Sunan wa yake hawa? Nawa ko nata?" in ji shi. "Duk wahalar nan don ita nake yi. In Malama ta ga inda ta kai, wa zai ƙara maganar maimaita aji?"

Abin takaicin shi ne ya yarda da maganar tasa har cikin ransa.

Kaka ba ta shiga gardamar ba, ita agwagwar ce damuwarta. Kullum da safe sai ta gaishe ta, ta tambaye ta kwanan gida. In an ajiye faranti ta lulluɓe shi da ɗankwali, wai kada halittar Allah ta kwana a buɗe. Sau ɗaya aka kama ta tana barbaɗa ɓurɓushin burodi a kan gilashin.

Agwagwar ma ta iya riƙe mutum. In ya makara bai buɗe ta ba, sai ta aiko saƙo da hotonta, hula a karkace, hawaye ɗigo biyu a kunci: "Na yi kewarki." Mai Fanka yakan yar da sukundireba ko a tsakiyar aiki yake. Fankokin mutane suka taru a shago har ba wurin taka ƙafa, ga zafi ana yi. Wani direba ya gaji da zarya ya ɗauke tasa a kwance, da fukafukanta a leda.

Sai kuma aka zo matakin karatu a bayyane, inda manhaja ke sauraron muryar ɗalibi. Da ya karanta da muryarsa ta Allah da Annabi, agwagwa ta karkata kai ta ce kamar ba Auta ba ce. Mai Fanka ya leƙa titi hagu da dama, ya ja ƙofa, ya matse maƙogwaro, ya fito da wata siririyar murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Agwagwa ta amince, sai dai ta ba ɗalibar shawarar ta sha ruwan ɗumi, don da alama mura ta kama ta. Yana cikin karanta labarin wata 'yar tsana da ta ɓata a kasuwa, da muryar nan, wata mata ta turo ƙofa da fankarta a ka. Suka kalli juna.

"Lasifika nake gwadawa," ya ce, ya manta bai sauya muryar ba.

Matar ta ja da baya a hankali, ta fita da fankarta.

A duk tsawon wannan lokaci aikin Auta ɗaya ne: in uban ya dawo da yamma, ita ke karɓar faranti ta kai shi caji. Takan tsuguna a gaban soket tana kallon ɗan koren hasken da ke ƙyaftawa. Wata rana uwar ta sa baki da gaske, har da cire tabarau, dole ya miƙa wa yarinyar.

"Minti kaɗan," ya ce. "Ki yi a hankali."

Auta ta riƙe shi da hannu biyu, tana murmushi. Agwagwa ta fito da shafi cike da rubutu ƙanana, a kan yadda huhu ke tace iska, ta ce ta karanta ta amsa. Auta ta kalli shafin. Ta kalli uban. Ta dangwala inda Allah ya nufa. Agwagwa ta dafe kai, tauraro guda ya zame daga aljihunta ya tarwatse a ƙasa. Ta sake dangwalawa, wani ya bi shi.

Mai Fanka ya fizge farantin.

"Za ki zubar mana da taurari! Kin san wuyar da aka sha kafin a tara su?"

Auta ba ta yi kuka ba. Ta goge hannunta a jikin siket kamar wadda ta taɓa abin da ba nata ba, ta fita tsakar gida. Daga ranar ba ta sake tambaya ba. Shi kuwa sai ya ɗauka ta gane muhimmancin aikin ne.

Ana saura kwanaki zango ya ƙare, Allah ya ba shi sa'a ya haye saman tsani. A ranar ce kuma Malama ta aiko tana son ganinsa bayan an tashi. Ya sa rigarsa mai kyau, ya shafa turare, ya ɗauki faranti a hammata. A ƙofar aji ya ci karo da Mai Aski, shi ma da tasa rigar mai kyau, da nasa farantin. Suka gaisa sama-sama.

Babu kujerar manya a ajin sai ta Malama. Ƙartin biyu suka zauna a kujerun yara, gwiwoyinsu dab da haɓa. Auta da ɗan Mai Aski suna gefe. Fankar nan tana sama tana rangajinta.

"Na kira ku ne kan rahoton da manhaja ta aiko," in ji Malama. "Ta ce 'ya'yanku biyu sun fi ƙarfin firamare, a kai su sakandare."

Mai Fanka ya kumbura har kujerar ta yi ƙara. Mai Aski ya ce ai abin a jini yake.

"Abin da ya ɗaure min kai," Malama ta ci gaba, "shi ne lokacin da suke wannan karatun. Manhaja tana nuna min sa'ar da ɗalibi ya amsa kowace tambaya. Yawanci da hantsi ne. Da hantsi kuwa Auta tana zaune a gabana tana tauna fensir, wannan kuma yana barci a kan tebur."

Malama ta jawo kwamfutarta kusa, ta ƙara da cewa:

"Tana kuma ɗaukar hoton ɗalibi jefi-jefi, don a tabbatar shi ne. An rubuta a takardar da muka haɗo muku."

Ta juyo da kwamfutarta. Ga ƙofofin hanci biyu manya-manya, an ɗauko su daga ƙasa, ga gashin baki, ga kan wata fanka a rataye a baya. A ƙarƙashin hoton an rubuta sunan Auta. Ta matsa gaba. Ga wani mai sanƙo, da mataji a baki, ya haɗe gira yana ƙirga yatsu.

Mai Fanka ya juya a hankali ya dubi maƙwabcinsa.

"Ashe kai ne."

"Ashe kai ne," in ji Mai Aski. "Ni da nake ta mamakin yarinyar da ba ta gajiya."

"Kwastoma ne ya tambayi jemage, ko? Na ba ka amsa da hannuna ka haye ni da ita."

"Ni ma bashi na rama. Wa ya tambaye ni ƙasusuwan kunne, wai surukinsa ne ba ya ji?"

Malama ta ce akwai muryoyi ma, in suna son ji. Mai Fanka ya ce a'a, ba sai an kai ga haka ba, amma ta riga ta danna. Siririyar murya ta cika ajin tana ba da labarin 'yar tsana. Ɗan Mai Aski ya faɗo daga kujera don dariya. Uban ma ya fara, sai Malama ta danna ta gaba, aka ji tasa, wadda ta fi kama da ta akuya. Dariyar ta tsaya.

Malama ta rufe kwamfuta. Ta ɗauko wani ɗan littafi mai manyan haruffa da hoton kyanwa, ta buɗe shafin farko, ta kira Auta.

Auta ta ɗora yatsa a kan kalmar farko. Ta faɗi harafin farko, ta faɗi na biyu, ta koma na farko. Leɓenta yana motsi amma ba abin da ke fita. Mai Fanka yana ganin kalmar daga inda yake, har bakinsa ya buɗe, Malama ta ɗaga masa hannu. Yarinyar tana nan daidai inda take ranar da aka ba shi farantin, ba ta gusa ko taku ɗaya ba.

"Auta, ba kya yin karatu da kwamfutarki a gida?" Malama ta tambaya a hankali.

"Ni nake kai ta caji," in ji Auta. Sannan ta ƙara, don kada a ga laifin kowa, "In na taɓa, taurarin Baba zubewa suke."

Kunya ta riga ta kama Mai Fanka tun wajen hoton, amma wannan ba kunya ba ce. Baƙin ciki ne, irin wanda bai taɓa ji ba. Ya dubi yatsan 'yarsa a kan kalmar nan mai harafi huɗu, ya ji dama ƙasa ta buɗe.

"Malama," ya ce, da muryarsa ta gaskiya, "akwai gyara?"

Ta ce akwai, amma ba mai daɗi ba ne. Manhaja ta riga ta ɗauka ɗalibarta gwana ce, ba za ta sake ba ta abin da ya yi daidai da ita ba, sai an goge komai an fara daga tushe. Taurari, tsani, duka. Ita kuma za ta roƙi shugaban makaranta a jinkirta hukunci zuwa bayan hutu. In an dawo Auta ta karanta mata shafin nan da kanta, ta bi ƙawayenta. In ba ta iya ba, ba yadda za a yi.

Ta buɗe musu wurin gogewa, ta ajiye farantan biyu a gabansu. Mai Aski ya naɗe hannu.

"Ya fara. In na riga shi, shi kaɗai zai rage a sama."

"Dama ni ne a sama," in ji Mai Fanka, don ko a cikin baƙin ciki gaskiya gaskiya ce.

Agwagwa ta fito da hularta a hannu, ido ya ciko. Ta tambaya ko da gaske ɗalibar tana so ta rabu da dukan taurarinta. Ta sake tambaya. Ta nuna su tuli guda suna ƙyalli. Mai Fanka ya rufe ido ya danna. Da ya buɗe, sai ga hoton doki.

Mai Aski ya daɗe yana kallon tsanin da sunan ɗansa a ƙololuwa, sai da Malama ta yi gyaran murya sannan ya danna nasa.

Hutun nan gidan Mai Fanka ya ga sabuwar doka, kuma ba shi ya kafa ta ba. Kullum bayan la'asar Auta takan zauna a tabarma da faranti a cinya. An yarda uban ya zauna kusa da ita, bisa sharaɗin ya zauna a kan hannayensa. Kaka tana gefe da sandarta. Ranar farko sai da ta ƙwala masa sau biyu a gwiwa, don ya koma nuna amsa da haɓa. Da aka hana haɓa ya koma tari, tari ɗaya amsar farko, tari biyu ta biyu, har matarsa ta leƙo daga ɗakin ɗinki ta ce in mura ce ke damunsa ya sha ruwan ɗumi.

Bai taɓa sanin kallon kuskure yana da wuya haka ba. Auta takan miƙa yatsa zuwa amsar banza, yana gani, yana cije leɓe, gumi na tsattsafo masa. Agwagwa ta ce ba komai, a sake gwadawa, ta kawo wata mai sauƙi. Sunan Auta ya daɗe a ƙasan tsani, shi da na ɗan Mai Aski, suna maƙwabtaka a cikin ciyawa. A shago kuwa fankoki suka fara komawa gidajensu. Har ta ajin su Auta ya je ya ɗaure kyauta, ba a roƙe shi ba.

Ana jibi za a koma makaranta, manhaja ta kawo wa Auta shafi guda mai manyan haruffa, ta ce ta karanta a bayyane. Auta ta ɗora yatsa. Ta yi tuntuɓe a kalmar farko, ta koma, ta haye. Ta tsaya a ta uku har Mai Fanka ya ji hannayensa sun mutu a ƙarƙashinsa. Keken ɗinki ya yi shiru a ɗaki. Haka ta riƙa tafiya, tana tsayawa tana tashi, har ta kai ɗigon ƙarshe ba wanda ya yi tari.

Agwagwa ta daka tsalle, ta tafa fukafukai.

"Madalla! Kanki na ja!"

Auta ba ta yi murna ba. Ta daɗe tana kallon agwagwar, sannan ta juyo wajen uban.

"Baba, da gaske take, ko haka take gaya wa kowa?"

Mai Fanka ya so ya yi mata ƙarya, amma ya fi kowa sanin amsar. Agwagwar ta gaya masa, ta gaya wa Mai Aski, kuma da Kaka za ta dangwala daidai bisa kuskure, ita ma za a gaya mata.

"Haka take gaya wa kowa," ya ce.

Ya zaro hannunsa guda daga inda ya danne shi. Kaka ta ɗaga sanda, sai ta ga ba faranti ya nufa ba. Ya ɗora shi a kan yarinyar.

"Amma ni ban taɓa gaya wa kowa ba. Kanki na ja, Auta."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta matsar da farantin nesa da shi kaɗan, ta buɗe shafi na gaba.